Kwaɗon Sim: A Cire Shi, Ko A Bar Shi?

Ran nan da la'asar sakaliya na je gaishe da wani tsohon malaminmu, wanda ya koya mana lissafi muna yara, yanzu kuwa ya daɗe da ajiye alli yana cin fansho. Na iske shi a zaure bisa buzu, tabarau a karan hanci, ya riƙe waya nesa da fuskarsa yana harararta sai ka ce bashi ta ke binsa. Ba mu ko gama gaisawa ba ya miƙo mini ita, ya ce, "Yauwa, Allah Ya kawo ka. Karɓi abin nan ka raba ni da fitinarsa."

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, me ta yi?"

Ya ce, "Me ba ta yi ba? Ka san unguwar nan ba mu ganin wuta sai an ga dama. Kullum sai ta mutu, in aiki yaro ya kai ta caji. In ya komo da ita na kunna, sai ta ce in ba ta lamba. Na ba ta, ta ce saura ta layi na biyu. Na ba ta wannan, ta ce saura ta buɗe fuska. Sallama uku a ƙofar ɗakina! Shekaranjiya 'yata ta yini tana nemana daga Zariya, ashe wayar tana aljihuna a kunne tana jiran lamba, ni ban sani ba."

Da na bincika, ashe jikansa ne ya zo hutu ya kulle masa layukan biyu, ya koma makaranta.

To, cire abin da ya dami Malam ba ya cin minti biyu, zan kuwa faɗi yadda a ke yi, don na san akawuna da malaman makaranta su ne a kan kawo wa irin wannan aiki a ofis da cikin unguwa, tun da ya ke jama'a sun ɗauka duk wanda ya iya boko ya iya waya. Amma ban cire masa nan take ba. Sai da na tambaye shi, "Malam, cikin layukan nan biyu, ta wanne banki ya ke aiko maka da saƙo in fansho ya shiga?" Dalilin da ya sa na yi wannan tambaya, shi na ke so in bayyana wa masu karatu.

Abin Da Ke Cikin Sim

Ɗan katin nan mai ruwan zinariya da mu ke zurawa cikin waya, wanda kowa ke kira sim, ba ɓallin roba ba ne kawai. Ƙaramin inji ne mai ƙwaƙwalwa. Yana lissafi, yana ajiye asiri, yana kuma iya ƙin magana. An fara ƙera shi cikin 1991 a birnin Munich na ƙasar Jamus, a kamfanin Giesecke & Devrient, wanda asalin sana'arsa buga takardun kuɗi ne. Kamfanin waya na Radiolinja a ƙasar Finlan shi ya fara saye, guda 300. A sa'an nan girman sim ɗaya ne da na katin da a ke cire kuɗi da shi a banki. Aka yi ta rage shi sannu sannu, har cikin 2012 aka kai ga ɗan mitsitsin nan na yanzu, wanda tsawonsa bai kai milimita 13 ba. Faffaɗan katin nan da a ke ɓallo sim daga jikinsa ran da aka saya, wanda galibinmu mu kan yar a ƙofar kanti, shi ne girman sim na asali. A riƙe zancen wannan kati, za mu komo kansa.

Mu nan Nijeriya sai cikin watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, bayan kowannensu ya biya Gwamnati dala miliyan 285 kuɗin lasin. Waɗanda suka ga lokacin za su tuna sim ɗaya ya kai wajen naira 20,000, watau ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu. Mai shi ya kan tsare shi saboda tsadarsa. Yau sim ya yi arha ƙwarai, ana yar da shi a sayi wani, alhali kuwa abin da ke rataye a wuyansa ya fi na da tsada nesa ba kusa ba.

Abu biyu muhimmai ke cikinsa. Na fari wata doguwar lamba ce mai alƙaluma har 15, wadda kamfani ya san katin da ita. Alƙaluma uku na farko su ke nuna ƙasa: Nijeriya 621, Nijar 614, Gana 620. Na biyu wani mabuɗin asiri ne wanda ba ya fita daga cikin katin ko kaɗan, ba kuwa wanda ke da irinsa sai kamfanin da ya ba da layin. In waya ta nemi shiga sabis, sai kamfani ya aiko wa sim da wata lamba ta gwaji, shi kuwa ya haɗa ta da mabuɗin nan ya yi lissafi, ya mai da amsa. In amsar ta yi daidai da ta kamfani, sai a buɗe masa hanya. Lambar wayarka ita kanta, wadda ka ke ba mutane, a rajistar kamfani ta ke, an rubuta ta daura da lambar katinka, kamar yadda akawu ke rubuta sunan mai biyan haraji daura da lambar rasit. Shi ya sa in sim ya ɓace a kan iya ba ka sabon kati da tsohuwar lambarka. Gyara ne kurum a ke yi cikin rajista.

To, ga inda lambar sirri ta shigo, wadda waya ke rubutawa PIN. In kwaɗon sim yana kulle, duk sa'ad da aka ba katin wuta, watau aka kunna waya ko aka mai da shi cikin wata wayar, sai ya yi gum. Ba zai faɗi lambarsa ba, ba zai yi lissafin nan ba, ba zai nuna sunayen da aka ajiye cikinsa ba, sai an ba shi PIN. Waya 'yar aike ce kawai, ita ke kai masa abin da ka buga, shi ne mai cewa i ko a'a. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya gane: kwaɗon nan a jikin kati ya ke, duk inda katin ya tafi da kwaɗonsa ya ke tafiya.

Kada A Gauraya Kwaɗuna

Rikici da yawa daga gauraya ya ke tasowa, don lambobin da waya ke nema sun yi kama da juna. Akwai kullen fuskar waya, wanda a ke buɗewa da lamba, ko zane, ko yatsa. Wannan yana tsare hotuna da wasiƙu da sauran abin da ke cikin wayar, amma ba ruwansa da sim. Mai allura ko ɗan tsinke zai zare katin cikin ƙiftawar ido ya bar ka da kullenka. Akwai lambar sirri ta banki, ita kuma a wurin banki ta ke. Akwai PIN na sim, wanda mu ke magana a kansa.

Sa'an nan akwai na huɗu, wanda ke ruɗa masu sayen wayoyin hannu da a ke shigowa da su daga Ingila da Amurka, irin waɗanda a ke samu a kasuwannin waya kamar Farm Centre ta Kano. Wasu kamfanonin can su kan ɗaure waya don kada ta yi aiki da layin kowa sai nasu. In ka sa mata sim ɗin nan ƙasar sai ta nemi lambar kwance ta daga wancan kamfani, wani lokaci ma da kalmar PIN a cikin rubutun. Wannan ɗaurin waya ne, sim ɗinka lafiyarsa lau. Duk abin da zan faɗa a nan ba ya kwance shi.

Yadda A Ke Cirewa

Sharaɗi ɗaya ne: sai ka san lambar da ke kan katin yanzu. Ba a cire kwaɗo sai da mabuɗinsa.

A wayoyin Android, watau su Tecno da Infinix da itel da Samsung da 'yan'uwansu, sai ka shiga wurin gyare-gyaren waya, inda aka rubuta Settings. Daga nan ka nemi sashen tsaro, Security. A cikinsa, ko a ƙarƙashin inda aka tara sauran al'amuran tsaro, za ka ga an rubuta SIM card lock, ko SIM lock, ko wani abu mai kama da haka. Kowane kamfani da inda ya ke ɓoye shi, har ma waya ɗaya ta kan sauya masa wuri in an sabunta ta. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce ka taɓa ɗan hoton madubin nan na bincike da ke saman Settings, ka rubuta SIM lock, wayar ta kai ka da kanta. In layi biyu ne za ka ga sunan kowanne a sama, sai ka zaɓi wanda ka ke nufi, ka kuwa duba da kyau, don kowanne da lambarsa. Za ka ga ɗan makunni daura da Lock SIM card. Ka kashe shi. Wayar za ta nemi PIN, ka buga, shi ke nan.

A iPhone kuwa, bayan Settings sai sashen layi, wanda a wasu aka rubuta Cellular, a wasu Mobile Data ko Mobile Service. A ciki akwai SIM PIN. Ka kashe makunnin, ka ba da lambar.

In ka gama, ka kashe wayar ka sāke kunnawa don ka tabbata. Akwai katunan da kamfaninsu ya hana a cire musu kwaɗo sam, sai dai a sauya lamba. In ka gamu da irinsu kada ka yi ta fama, ba laifin wayarka ba ne. Kuma in na'urar da za ka sa sim ɗin ba ta da wurin buga lamba, sai ka fara sa shi cikin waya ka cire kwaɗon, sa'an nan ka mai da shi. Tun da a jikin kati abin ya ke, cirewar za ta bi shi.

A ƙasashe kamar Jamus da Faransa sim da kwaɗonsa a kulle ya ke zuwa, mai saye ne zai cire in ya so. Mu nan galibi a buɗe ya ke zuwa, sai dai akwai wata lamba ta kamfani da ke kwance cikinsa tun daga ma'aikata, irin su 0000 ko 1234. Wannan ya kan jefa mutane cikin rami. Mutum ya ji an ce kulle sim yana da kyau, ya shiga, ya kunna makunni, waya ta ce ya ba da PIN, shi kuwa ya zaci cewa ta ke ya zaɓi lambar da ya ke so. Ya buga tasa, ta ƙi. Ya sāke, ta ƙi. Ya sāke, kati ya toshe. Ashe tsohuwar lambar kamfani ta ke nema. Sai an kulle da ita tukuna, kana a shiga Change SIM PIN a sa sabuwa.

Uku Da Goma

Sim yana da ƙidaya biyu, ya kamata kowane akawu ya haddace su kamar jadawalin sau. Kuskure uku a jere kan PIN, kati ya toshe. Kashe waya ba ya shafe ƙidayar, cire batir ba ya shafe ta, mai da katin wata waya ba ya shafe ta, don shi da kansa ya ke riƙe da lissafin. Abin da ke mai da ita farko shi ne a buga lambar daidai. Saboda haka in ka yi kuskure sau biyu, ka dakata. Ka ajiye wayar, ka sha ruwa, ka nemo inda ka rubuta.

In ya toshe, sai ya nemi wata lamba mai alƙaluma takwas, ita ce PUK. Wannan ba kai ka ke zaɓenta ba, ba ka kuwa iya sauya ta. A ina ta ke? A jikin faffaɗan katin nan da ka yar a ƙofar kanti. In babu shi, sai ka ari waya mai layin kamfaninku ka kira ofishin taimako. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa dukkan kamfanoni suka daidaita gajerun lambobinsu, ta ofishin taimako ita ce 300. Za su yi maka tambayoyi don su tabbata kai ne mai layin, kana su karanta maka. In ka buga PUK daidai, wayar za ta ce ka zaɓi sabuwar PIN, magana ta ƙare.

Amma PUK ma da iyakarta, sau goma. Wanda ya zauna yana cankar alƙaluma takwas, garin neman gira zai rasa ido. In ya cika kuskure na goma, katin ya mutu ke nan har abada, ko kamfanin da ya yi shi ba ya iya ta da shi. Lambar waya ba ta ɓace ba, tana nan cikin rajista, sai dai a tafi ofis a bi layi a yi abin da jama'a ke kira walkam-bak, da lambar shaidar ɗan ƙasa da ɗaukar yatsa da sauran tambayoyi. Sunayen da aka ajiye cikin tsohon katin kuwa, waɗanda su kan kai 250, sun tafi da shi. Wanda ke ƙauye mai nisa da ofishin kamfani ya san abin da wannan ke ci na kuɗin mota da yini.

Abin Da A Ke Buɗewa

Yanzu mu komo ga tambayar da na yi wa Malam.

Da can, in ɓarawo ya ɗauke maka waya, asararka ita ce wayar da 'yan kuɗin kiran da suka saura. Abin ya sauya a hankali, ba mu farga ba. Cikin 2011 aka fara rajistar masu layi. Cikin 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda ta haɗa dukkan asusun mutum a kan shaida ɗaya, da lambar wayarsa a ciki. Cikin watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, har cikin Afrilu na 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba kiran waya. Sa'an nan ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira, wanda ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya da tsohuwa mai ƙosai suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Duk waɗannan igiyoyi a turke ɗaya aka ɗaure su, turken kuwa shi ne sim.

Ka duba yadda banki ke gane ka. In ka buga gajeriyar lambar nan mai farawa da tauraro don ka aika da kuɗi, banki ba ya ganin fuskarka, ba ya jin muryarka. Layin da saƙon ya fito ya ke dubawa. In ka manta lambar sirrinka ta wani abu, ina a ke aiko da sabuwa? A layin. In za a buɗe WhatsApp ɗinka a sabuwar waya, ina a ke aiko da alƙaluma shida na tabbatarwa? A layin. Watau duk wanda ke riƙe da sim ɗinka a buɗe, a idon injin banki da na kamfanoni ya riga ya yi rabin zama kai. Sauran rabin kuwa sau da yawa mu da kanmu mu ke ba shi, don mu kan ajiye lambar asusu da ta BVN cikin jerin sunaye, ko mu soke katin banki a bayan rigar waya.

'Yan sanda sun sha nuna wa manema labarai samarin da aka kama da tarin sim na sata, waɗanda ba su damu da wayar ba ko kaɗan. Wani ya sayar da ita, wani ma ya yar. Katin su ke so. Su sa shi cikin 'yar ƙaramar waya mai madannai, su bi ta kansa su kwashe abin da ke asusu, su ci bashi da sunan mai layin a wurin kamfanonin nan masu ba da rance ta waya, su aika wa 'yan'uwansa da saƙo wai yana asibiti a taimaka. Mai waya yana can yana ta'aziyyar gilashi da roba, bai san ɗakin ajiyarsa a ke yashewa ba. In Juma'a ce da yamma aka yi satar, kafin ofisoshi su buɗe ran Litinin an gama.

A zamanin En'e, kafin gyaran 1976, ba a taɓa jin Ma'aji ya bar mabuɗin baitulmali a jikin ƙofa don wai buɗewa da rufewa na ba shi wahala ba. Malamin makarantar da albashinsa ke shiga ta banki, yau baitulmalinsa a aljihunsa ya ke, yana shiga kasuwa da shi, yana hawa babur da shi, yana ba yaro ya kai shi rumfar mai caji inda wayoyi hamsin ke jere a kan tebur ɗaya. Kullen fuska ba ya hana a zare sim. Abin da ke mai da zararren sim ya zama ɓallin roba maras amfani shi ne kwaɗon nan da mu ke gajiya da shi.

Da na kawo nan sai Malam ya ce, "Alƙaluma huɗu kacal za su tsai da ɓarawo?" Na ce masa daga 0000 zuwa 9999 lamba 10,000 ke nan, ɓarawo kuwa gwaji uku gare shi. Ban rufe baki ba ya ce, "Ɗaya cikin 3,333 da 'yan kai." Mai hali ba ya barin halinsa. Amma lissafin nan yana tsayawa ne in lambar ba mai saurin canka ba ce. Ɓarawo ya san lambobin kamfani sarai, da su zai fara. Bayansu sai shekarar haihuwa, wadda ke rubuce a katin shaidar da ya tsinta tare da wayar. Kati yana karɓar alƙaluma huɗu har zuwa takwas, mai iya riƙe shida ya sa shida.

Ba na so a ɗauka kwaɗon nan laya ce. Ba ya hana wanda ya je ofishin kamfani da shaidar ƙarya ya karɓi sabon kati da sunanka. Ba ya hana mayaudarin da zai kira ka ya ce daga banki ya ke, kai kuma ka karanta masa lambar da aka aiko maka da bakinka. In wayar tana kunne aka sace ta, ba a kuwa zare katin ba, saƙonni za su ci gaba da shigowa, saboda haka ya kamata a gyara waya ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa a fuskarta sai an buɗe. Kuma ko da kwaɗo ko babu, ran da waya ta ɓace aikin farko shi ne a toshe asusu, kana a toshe layi. Bankuna da dama suna da gajeriyar lambar toshewa da a ke iya bugawa daga wayar kowa. A nemi ta bankinka tun yau a rubuta, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda Cirewa Ta Dace

Duk da haka akwai wuraren da barin kwaɗon wauta ne. Sim ɗin da ke cikin akwatin intanet na ofis ko na makaranta, wanda wuta ke ɗaukewa ta komo sau biyar a yini, in yana kulle kullum sai an nemo mai lamba. Haka na'urar bin sawun mota, wadda aka ɓoye cikin jikin mota don kada a gan ta, wa zai buga mata PIN? Irin waɗannan a cire, amma a tabbata layi ne wanda ba a taɓa kai shi banki ba.

Akwai kuma damuwar Malam, ita ma gaskiya ce. Waya ta kan kashe kanta ta kunna cikin dare in tana sabunta kanta. Tun 2024 iPhone ta kan sāke kunna kanta in ta kwana uku ba a buɗe ta ba. Duk lokacin da haka ta faru, layin da ke kulle kurma ne har sai an farga, ba abin da a ke iya yi da wayar sai gwada kiran gaggawa na 112. Ga tsoho mai zama shi kaɗai, ko mai ciwon da a ke bibiya, ko ma'aikacin asibiti da a kan nema da tsakar dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai raunin gani ko mai mantuwa kuwa, kwaɗo zai fi kulle shi da kansa a kan ya kulle ɓarawo. Har ila yau, wayar da aka sace aka sāke kunnawa, in layinta yana kulle ba ta samun intanet ta kansa, sai neman inda ta ke ya ƙara wuya. Ni dai a ganina wannan na ƙarshe bai kai a bar asusu a buɗe dominsa ba, don wayoyin da a ke ganowa ta haka ba su taka kara sun karya ba. Masu sababbin wayoyin da sim ɗinsu a gine ya ke cikin inji, wanda a ke kira eSIM, su da sauƙi, tun da babu abin zarewa, kullen fuska ya ɗauke musu yawancin aikin.

Shawarata ga mai layi biyu, mu kuwa galibinmu haka mu ke, ita ce ya raba musu aiki. Ɗaya na kira da zumunci, kowa ya san shi, a bar shi a buɗe. Ɗaya na banki, a kulle shi da lamba mai kyau. Mai layi ɗaya tilo wanda albashinsa ke bi ta kai, ni ba zan cire masa ba sai ya ji duk abin da na faɗa a nan ya ce ya yarda.

Malam dai layin fanshonsa shi ne na biyu, 'ya'yansa kuwa ta na farko su ke kiransa. Muka cire kwaɗon na farko. Da muka zo kan na biyu na tambaye shi lambar, ya faɗa mini, sai na ga ashe jikan nan shekarar haihuwar kakansa ya sa, don kada tsoho ya manta. Na ce sai mun sauya, amma ba zan taɓa ba sai PUK tana kusa, ko da hannu zai goce. Ya tashi ya shiga cikin gida, jim kaɗan sai ga shi da wata tsohuwar adaka. A ciki, tsakanin takardar shaidarsa ta malanta da rasit ɗin harajin wasu shekaru da suka shuɗe, ga faffaɗan katin nan guda biyu an ɗaure da zare. Mutanen da ba su yar da takarda.

Ya zaɓi lambarsa, ya juya mini baya ya buga da kansa, ya rubuta ta a cikin bangon wani littafi ya mayar cikin adaka. Muka kashe wayar muka kunna, na kira layin farko daga tawa, ta yi ƙara tun ba a ba ta lambar ɗayan ba. Ba kowace waya ke yin haka ba, wanda zai bi wannan hanya ya gwada tasa tukuna.

Malam ya ƙirga da yatsa, ya ce, "To, sallama ta koma biyu. Biyu na iya da su." Sai aka kira magariba, ya miƙa hannu ya jawo buta.